Ka Tokare Kafin Ka Taɓa

Ɗana, itacen da ke ɗauke da rufin gidanka, ko dirkar rumfa ce, ko ginshiƙin baranda, ko wanda aka kafa a tsakiyar zaure don ya tallafi azara, ba daga sama yake lalacewa ba. Daga gindi yake farawa, daidai inda ya haɗu da ƙasa, wurin da babu mai kai masa ziyara sai tsintsiya. Sai ka ga samansa sumul, har da fenti, alhali taki ɗaya ƙasa da inda kake dubawa ya zama dusa. Ina so ka san dalilin haka, domin wanda bai san dalili ba, ko ya sake sabon itace, bayan 'yan shekaru a nan zai sake tsayawa yana salati.

Ruɓa tana son abu biyu a haɗe, laima da iska. Itacen da ya bushe ƙayau ba ya ruɓewa, shi ya sa ƙyauren kakanka yake nan har yau. Wanda ya nutse can cikin ruwa, inda iska ba ta kai gare shi, shi ma yakan daɗe. Amma a bakin ƙasa ga danshi daga ƙasa, ga iska daga sama, nan ne naman gwarin da ke cin itace yake samun yadda yake so. Masana katako sun ce idan ruwan da ke jikin itace bai kai kashi 20 cikin 100 na nauyinsa ba, ruɓa ba ta kama shi. Kuma itace ta wajen yankansa ya fi shan ruwa, domin hanyoyin da bishiya take jan ruwa da su tana raye ba su toshe don an sare ta ba. Ka dasa yankan a ƙasa mai danshi, zai ci gaba da sha yana turawa sama. Sai kuma gara, wadda ita ma laimar take bi. Takan shigo ta ƙarƙashi, ta cinye ciki, ta bar maka ɓawo siriri a waje, domin ba ta son haske ko busasshiyar iska.

Don haka kada ka yarda da ido. Samo doguwar ƙusa ko sukundireba, ka durƙusa, ka tone ƙasar da ke gindin itacen kamar zurfin tafin hannu, ka soka ta kowane gefe. Lafiyayyen itace zai ƙi ƙarfen. Idan ya shige ba gardama, ko ya ɓantaro guntaye gajeru masu marmashi maimakon dogon tsage, ruɓa ta shiga. Ka ƙwanƙwasa da guduma daga sama zuwa ƙasa kana saurare, inda amon ya koma na holoƙo nan gara ta yi gida. Ka duba ko akwai siririyar hanyar laka da ta hau jikinsa, ko gari mai laushi da ke zubowa daga 'yan ƙananan huji, wanda aikin ƙwarin katako ne. Sannan ka ɗaga kai. Ƙofar da a da take rufuwa lafiya yanzu sai an sa mata kafaɗa, yaɓen da ya tsage a kusurwa, ƙasar da uwargida take sharewa daga kan gado kowace safiya, ruwan da ya fara kwanciya a tsakiyar soro maimakon ya bi indararo, duk labari ɗaya suke ba ka: wani abu a ƙasa ya zauna.

Yanzu bari in gaya maka abin da ke saman kan 'ya'yanka, domin na lura mutane ba sa lissafa shi. Ɗauki ɗakin soro mai mita 4 tsawo, mita 4 faɗi, a ce kaurin ƙasar da ke kansa santimita 20 ne kawai. Wannan ƙasa ta haura tan 5. Buhun siminti kilo 50 ne, ka ga nauyin buhu ɗari ke nan da ɗoriya, a bushe. A watan Agusta, lokacin da ruwa ke kwana yana sauka a Kano da Zariya da Katsina, ƙasar takan sha ta ƙara nauyi, a daidai lokacin da gindin ginshiƙi ya fi laushi. Kuma tsohon soro ba ya tsayawa a santimita 20, domin kowace bazara akan hau a ƙara yaɓe, ba kasafai ake kankare na bara ba. Shekara talatin ana ƙari ba ragi. Shi ya sa labarin ruftawar ɗaki yawanci a tsakiyar damina ake jin sa, kuma ya fi muni da dare, lokacin da kowa yake ciki.

Tsofaffin maginanmu sun san wannan nauyi sarai. Ba sa barin azara ta tsallaka fili mai faɗi ita kaɗai, wajen ƙafa shida ne iyakar abin da suke amince mata da shi a ƙarƙashin ƙasa. Idan ɗaki ya fi haka, sai a yi dabara, a turo azara daga bango hawa-hawa, ko a ɗaure bakan gizo, ko a tsayar da ginshiƙi. Je ka dubi tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a shekarun 1830. Ƙasa ce da azara, amma kowane nauyi an ba shi hanyar da zai bi ya sauka ƙasa. Abin da nake so ka ɗauka daga nan shi ne, babu ginshiƙin da magini na gari ya tsayar don ado. Idan ka gan shi a wuri, akwai abin da yake ɗauke da shi, ko da kai ba ka gane ba.

To, idan ƙusa ta shige, abu na farko ba neman kafinta ba ne. Ka fitar da mutane daga ƙarƙashin wannan rufi, a ranar. A kwashe shimfiɗa a koma wani ɗaki, ko da za a yi cunkoso. Na san abin da zai zo maka a rai: amarya za ta yi fushi, maƙwabta za su ce gidan wane yana rushewa, surukai na nan tafe. Wannan kunyar ita ce babbar abokiyar gabarka a wannan aiki, ta fi gara ɓarna. Ita ce take sa magidanci ya ƙi kafa tokari a barandarsa don kada baƙo ya gani, ya gwammace ya sayi rabin buhun siminti ya lulluɓe gindin itacen, ya shafe da fenti, ya ce an gyara. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Tokari a tsakar gida ba abin kunya ba ne, shaida ce cewa maigidan yana duba gidansa.

Wannan lulluɓin siminti kuwa, bari in tsaya a kansa, domin shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma har masu kiran kansu birkiloli suna ba da shawararsa. Siminti da itace ba sa zama abu ɗaya. Da hunturu itace yakan tsuke, da damina ya kumbura, shi kuwa siminti yana nan yadda yake. Kafin shekara ta zagayo siririn rami ya buɗe tsakaninsu. Ruwa ya gangaro ta jikin itacen ya shige, ba shi da mafita, rana ba ta kai masa, iska ba ta busar da shi. Ka gina wa gindin ginshiƙinka tukunya ke nan, ka sa shi a ciki yana jiƙa. Ruɓar da za ta ɗauki shekaru sai ta yi sauri, kuma ka rufe wa kanka wurin da za ka soka ƙusa ka duba. Haka shafa baƙin mai a kan ruɓaɓɓen itace. Baƙin mai yana iya korar ƙwaro daga fatar lafiyayyen katako na ɗan lokaci, amma bai taɓa mayar wa itacen da ya mutu ƙarfinsa ba. Haka buga guntun falanki a gefe da ƙusa huɗu. Ƙusar a cikin me ta kama?

Ga ƙa'idar da ba na so ka manta: ba a taɓa ginshiƙi, ba a girgiza shi, ba a sa masa zarto, sai an ba nauyin da ke kansa wata hanyar sauka. Ruɓaɓɓen ma yana ɗauke da wani abu. Sau da yawa ɗan ɓawon da gara ta bari shi ne kaɗai tsakanin rufi da ƙasa.

Tokari biyu za a kafa, ɗaya ta kowane gefe, kusa da ginshiƙin amma da sararin da mai aiki zai motsa. Itace mai kauri, miƙaƙƙe, busasshe, wanda bai gaza wanda za a cire ba. Kada a zo maka da gora ko tu-bai-tu a ce za su riƙe soro. Kada gindin tokarin ya tsaya a kan ƙasa tsirara, domin daɓe yakan fashe, ƙasa mai laima kuma takan haɗiye shi a hankali. A shimfiɗa falanki mai kauri a ƙasa ya baza nauyin. A sama ma a gitta wani katakon mai ƙarfi, ya tare azara da yawa a lokaci guda, kada kan tokarin ya tura guda ɗaya ya bar sauran. A tsayar da shi cak, a gwada da igiya da dutse, domin tokarin da ya karkace yana iya zamewa ya fice da ƙarfin da zai karya ƙafar mutum. A matse shi da 'yan katakai biyu masu siririn baki, a buga su suna fuskantar juna har ya kama, sannan a ɗaure tokaran biyu da juna da wani katakon a kaikaice. Idan soro ne, a hau ta gefen bango, ba ta tsakiya ba, a rage ƙasar da ta taru a kai kafin a ci gaba. Wannan kaɗai yakan sauke rabin fargabar aikin.

Za a kawo maka maganar jak ɗin mota. Yana da amfani, amma ka san halinsa. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Mai aiki da mai yakan saki a hankali ba ka sani ba, ƙaramin motsi kuma yana iya kifar da shi. A ɗaga kaɗan, gwargwadon yadda tsohon ginshiƙin zai saki, kaurin ɗan yatsa ma ya yi yawa, nan take a ƙara matse tokari ya karɓa. Kada ka bari wani mai zafin nama ya ce zai mayar da rufin daidai inda yake ranar da aka gina shi. Rufin da ya yi shekara goma yana sauka a hankali ya saba da zamansa. Ka tura shi sama a yini ɗaya, yaɓe ya tsattsage, ƙusoshi su zare, azara ta fita daga mazauninta a bango. Yayin ɗagawa kowa ya yi shiru a saurara. Idan aka ji ƙara, ko ƙasa ta fara zubowa, a tsaya. Yara kuma a kai su gidan maƙwabta, don babu abin da ke jan yaro kamar inda aka ce kada ya je.

A nan zan gaya maka iyakarka. Dirkar rumfar kwano ko ta zana, kai da ƙaninka da kafintan unguwa kun isa. Amma idan soro ne, ko akwai bene a sama, ko ginshiƙin yana ɗauke da rufin kankare, ko ka ga bango ma ya buɗe, wannan ba aikin ƙarfin hali ba ne. Ginin ƙasa a nemo tsohon magini wanda ya gaji sana'ar, irin waɗanda har yanzu ake samu a ƙarƙashin Sarkin Magina a tsofaffin biranenmu. Ginin kankare a nemo injiniya. Idan magini ya zo, ka ce masa, "Baba, ga abin da na gani, a duba mana," sannan ka yi shiru ka ji. Wanda ya fara tambayarka inda ruwa yake bi da damina, ka riƙe shi. Wanda ya fara da faɗin buhun siminti nawa za ka saya tun bai durƙusa ba, ka ba shi kuɗin mota.

Bayan nauyi ya koma kan tokari, sai a ga iyakar ɓarnar. A yanka daga ƙasa ana hawa har a kai inda itacen yake da tauri da launinsa na asali, sannan a ƙara kamar taki ɗaya ko biyu, domin ruɓa takan riga abin da ido ke gani. Idan abin da ya lalace gindi ne kawai, ba lallai a jefar da sauran ba, musamman idan kirya ce ko azara ta gari, waɗanda samun irinsu yanzu sai an sha wuya. Sai a gina masa dakali daga ƙasa ya taso ya tarye shi. Ni na fi son wannan a kan haɗa sabon guntu da tsoho, domin haɗi a ginshiƙi wuri ne na lanƙwasa, sai gwanin kafinta da ƙusoshi masu noti. Idan kuwa ɓarnar ta haura kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa, ko gara ta bi cikinsa har sama, a cire shi gaba ɗaya, a kuma duba kan azarar da yake tallafe da ita, domin gara ba ta tsayawa a inda ka so.

Dakalin nan shi ne ainihin gyaran. A tona har a sami ƙasa mai tauri, a zuba kankare, awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, a taso da shi ya ɗara ƙasa da aƙalla santimita 15, samansa ya ɗan gangara don kada ruwa ya kwanta. Itacen a kansa zai zauna, ba a cikinsa ba. Tsakaninsu a sa abin da zai raba su, ko shimfiɗar kwalta, ko ka sa mai walda ya yi maka ɗan takalmin ƙarfe wanda ƙafarsa ke cikin kankaren, ya ɗaga itacen kaɗan iska ta riƙa wucewa. Inda babu halin siminti, faffaɗan dutse ma ya yi, kakanninmu da shi suka yi. Kada ka yi gaggawar ɗora nauyi. Kankare yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa, a kwana 7 bai wuce kusan kashi biyu cikin uku ba. A riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma, tokari yana nan a wurinsa.

Idan rufin kwano ne, akwai ƙarin magana. Kwano ba shi da nauyi, matsalarsa iska. Guguwar farkon damina ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take yi. Tsohuwar dirkar da aka binne a ƙasa tana riƙe rufin kada ya tashi, sabuwar da aka ɗora a kan dakali kuwa, idan ba a ɗaure ta ba, za ta bi kwanon su tafi tare. A kama gindinta da ƙarfe, a ɗaure kanta da katakon rufi da langa-langa.

Wajen zaɓen itace kada arha ta ruɗe ka. Kirya ita ce sarauniya a ƙasa, shi ya sa ake yin taɓarya da ita, maƙera kuma suke neman gawayinta, neman da ya sa ta yi ƙaranci. Azara kuwa a nemi ta namijin giginya da ya manyanta, ɓangaren waje mai duhu da nauyi, ba farin cikin nan mai laushi ba. Giginya takan yi shekaru masu yawa kafin ta isa sara, kuma dazukanta, har da sanannun nan na wajen Gaya a Jamhuriyar Nijar, ba kamar da suke ba, don haka kasuwa ta cika da ɗanya. Ka ɗaga ka ji nauyinta, ka soka farce. Fararen katakai irin su obeche da afara na silin ne da ƙofar ciki, ba na tsayuwa kusa da ƙasa ba. Kowane ka saya, a ɓare ɓawonsa, ya bushe, a tsoma yankan gindinsa a bokitin maganin katako irin su Solignum ya kwana yana sha, don shafawa da buroshi fata kawai take taɓawa. Maganin gara da ake zubawa a rami kuwa guba ne. Idan akwai rijiya a tsakar gidan, ka yi nesa da ita, kuma kada a ajiye ragowarsa a gorar lemo inda yaro zai gani. Wanda ya zaɓi bututun ƙarfe ya sani shi ma ta gindi yake tsatsa, dakalin nan dai yake bukata, da fenti, da toshe kansa.

Duk wannan aikin banza ne idan ba ka kori ruwan ba. Ka tsaya a tsakar gida ranar da ake ruwa, ka ga inda yake bi. Sau da yawa indararo ne ya karye yake zuba a gindin ginshiƙin. Wani lokaci randa ce aka jingina da shi shekara da shekaru, ko nan ake alwala, ko nan ake wanke-wanke don akwai inuwa. Ko ragon layya da akuyar uwargida da ake ɗaurewa a jikinsa, ga fitsari ga ja. A cikin birni kuma titi yakan yi ta tashi da ciko har tsakar gida ta koma ƙasa da kwata. A nemi turke daban don dabba, a matsar da randa, a gyara maguɗanar ruwa.

Na san gidaje da yawa da wannan magana ba rashin sani ne ya hana ta ba, rashin mai ita ne. Gidan gado, 'yan'uwa shida, kowa ya ga ginshiƙin zaure, kowa yana jiran babban yaya, shi kuma yana jiran a raba gado. Ko gidan haya, mai gida yana cewa sai an biya kuɗin shekara, ɗan haya yana cewa ba gidan ubansa ba ne. Idan kai ne a ciki, ɗana, kada ka jira taron dangi. Kuɗin tokari biyu da falanki bai kai na buhun shinkafa ba. Ka kafa, sannan ka kira su su gani, a yi maganar kuɗin gyara ana tsaye a gabansa. Idan haya kake, ka sanar da mai gida a gaban shaida, in ya ƙi ka kai wa mai unguwa, amma iyalinka kada su kwana a ƙarƙashinsa ana jiran amsa.

Tokari ana kafa shi ko a tsakiyar Agusta ne. Babban gyaran soro kuwa, in hali ya yi, a bari sai kaka ta wuce, ƙasa ta bushe ta yi sauƙi. Ranar sauke tokari kada a buge shi da guduma lokaci guda. A sassauta matsin kaɗan, a dakata, a dubi sabon ginshiƙin da dakalinsa, a sake sassautawa, gefe ɗaya sannan ɗayan. Tsohon itacen da guntayensa a fitar da su daga gidan a ƙone, kada a jingine su a bayan ɗaki da sunan makamashi, domin da gararsu suke tafe. Kafin ka mayar da ƙusar nan cikin akwati, ka zagaya sauran ginshiƙan gidan da ita, tunda rana ɗaya aka kafa su, a ƙasa ɗaya.